Laifin Fitila

Tana tsaka da jan wata tsohuwar taya zuwa gindin tulin yashi wayarta ta sake ruri a aljihu. A-Gwada ta tokare tayar da gwiwa, ta goge hannu a jikin rigar aikinta, ta duba. Zauren hirar 'Yan Bulo ne na waya, tun safe yake tafasa. Lauya ya rubuto cewa a ra'ayinsa yashi ba ya nuna ƙarfin mota, rashin kunyarta kawai yake nunawa. Dakta, likitan haƙori, ya amsa da cewa a ra'ayinsa tsakuwa za ta shiga tsakanin haƙoran giya, kuma shi ya san abin da tsakuwa ke yi wa haƙori. Wani kuma ya tambaya ko za a kawo kujeru.

Ta yi dariya ita kaɗai a filin, ta mayar da wayar. Murna take yi tamkar ranar da aka ba ta takardar kama aiki. Yau dai za a sauko ƙasa.

'Yan Bulo ba yara ba ne. Magidanta ne masu furfura da tumbi da ofisoshi, waɗanda ke haɗa motocin daji da ƙananan bulullukan roba masu maƙalewa da juna. Kowace mota da ɗan injinta na batir, da giyoyinta, da tayoyi masu kaushi waɗanda aka yi su don dutse da taɓo, da rimot na tuƙa ta daga nesa. Duk Asabar suna taruwa a ɗakin bayan shagon tabarau na kawunta, wanda shi ne shugabansu tun ran da aka kafa ƙungiyar. Abin da suke yi a ɗakin nan shi ne abin da ke ƙona mata rai. Sai a ɗora mota a kan ɗan katako, tayoyinta suna reto, a danna rimot, tayoyi su yi ta juyi a iska, manyan mutane su yi ta gyaɗa kai. Wannan shi ake kira gwaji. Daga nan sai a buɗe kasuwar ra'ayi. A ra'ayina wannan za ta hau dutse. A ra'ayina waccan ta fi ta numfashi. Shekara da shekaru ana hawan dutse da baki, kuma babu tayar da ta taɓa ɗaukar ƙura.

Ita malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, ita kaɗai ce mace a cikinsu, ita ce kuma ƙarama. Duk wanda ya gama zuba ra'ayinsa, sai ta ce, "To, a gwada." Har maganar ta bi ta, ta zama sunanta.

A makon jiya ne haƙurinta ya ƙare. Ana cikin yabon Mai Girma, motar Kawu mai ƙafa shida wadda ke zaune a akwatin gilashi da madubanta da fitilunta da 'yan kujerunta ja, sai ta ji bakinta ya ce, "Mai Girma fa bai taɓa taka ƙasa ba. Buzuzu zai riga shi hawa tulin yashin bayan shagon nan." Buzuzu tata ce. Ba ƙofa, ba rufi, ba kujera, ƙashi ne da taya da waya a fili. Su suka raɗa mata sunan don cin fuska, ita kuma ta karɓa da hannu biyu.

Lauya ya tunatar da ita dokar ƙungiya: duk wanda ya ƙalubalanci motar wani, to wanda aka kayar zai warware tasa bulo-bulo a gaban jama'a. An tsananta dokar ne don kada kowa ya kuskura ya yi amfani da ita, kuma ta yi aikinta, domin babu wanda ya taɓa. Kawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Na karɓa."

"Ƙasa ba ta da ra'ayi," in ji A-Gwada a ranar, tana jin daɗin yadda maganar ta fita.

Ta gama binne rabin tayar, ta baza tsakuwa a gaba, ta hau tulin ta kafa sanda a ƙoli ta ɗaura masa jan ƙyalle. Duk motar da ta fara taɓa sandan ita ta ci. Tana saukowa wayar ta yi ƙara, wannan karon kira ne.

"Mama, ina kwana."

"Ban kwana ba. Me nake ji kina shirin yi wa Yaya?"

"Wasa ne fa, Mama. Motocin roba ne."

"In wasa ne me ya sa tun jiya yake neman farar rigarsa ta zuwa taro? Ke, saurara. Kin lura da hannunsa kuwa?"

"Hannunsa kuma?"

"Au, mai ilimin kimiyya ba ta gani ba. Yatsunsa sun sandare. Antinki ce ke saka masa maɓallin riga. Ƙusar tabarau ma ya daina ɗaurawa, sai ya ce wa mutum ya dawo gobe, ya kai wa maƙwabcinsa mai gyaran agogo. Wannan motar ita ce ta ƙarshe da ya haɗa da hannunsa. In kika sa ya wargaza ta, ba zai sake haɗa ta ba har abada. Na dai gaya miki."

A-Gwada ta tsaya da waya a kunne bayan an kashe. Ta tuna yadda Kawu a 'yan watannin nan ya koma nuni da baki: ke, miƙo wancan, kai, matsa wannan. Ita ta ɗauka girman kai ne na shugabanci. Ta ce wa ranta ai ba lallai ne ya faɗi ba. Mai Girma yana da ƙafa shida da inji mai ƙarfi. Ƙila ma shi zai ci, ita ta warware Buzuzu, ta sake haɗa shi cikin mako guda tana waƙa. Da wannan ta shiga motarta ta zagayo gaban shago, domin ita aka ɗora wa ɗauko Mai Girma.

Ta tarar da Kawu a bayan kanta cikin farar rigar, an goge ta har tana ɗaukar ido, ga ƙamshin turare ya cika shagon.

"A'a, abokiyar gaba ta iso," in ji shi. "Kin karya kuwa? Ba na son a ce na kayar da mai jin yunwa."

"Na karya, Kawu. Kai ka sha magani?"

"Wane magani? Ni da zan je in ɗauko kofi."

"Babu kofi fa."

"To a nemo."

Ya laluba aljihu ya fito da ɗan makullin akwatin gilashin. Sau biyu yana kai shi bakin kwaɗon yana zamewa. Ya yi tsaki, ya miƙa mata yana cewa hasken ɗakin ne ba shi da kyau. Ta karɓa ba ta dube shi ba. Ta buɗe, ta rungumo Mai Girma da katakon da yake zaune a kai, ta fita da shi kamar mai ɗauke da jariri, Kawu yana biye yana cewa a kula da madubi.

A bayan motarta ta ajiye shi, cikin rana tsaka. Kawu ya koma ɗauko hula. Don dai ta tabbatar batir na da rai, ta ɗauki rimot ta ɗan taɓa maɓallin gaba, kaɗan, yadda tayoyin za su juya a hankali.

Tayoyin gaba biyu suka juya gaba. Na baya huɗu suka juya baya.

Ta saki maɓallin. Ta sake taɓawa. Biyu gaba, huɗu baya. Dariya ta taso mata daga ciki, ta toshe baki da hannu, sai kuma dariyar ta ɗauke.

Ta san wannan kuskuren, duk mai haɗa irin motocin nan ya san shi. Akwai giya guda da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, tana shiga ta fuska biyu daidai wa daida, kuma in ka juya ta ta ɗaya fuskar ba za ta yi maka gardama ba. Tun farkon gini ake saka ta, can cikin cikin motar, sannan a ɗora komai a kanta. Mai gwada motarsa a ƙasa yakan gane a ranar. Mai gwadawa a iska yana iya mutuwa bai sani ba.

Abin da ya fi ba ta haushi, an taɓa gani. Shekarun baya Dakta ya ce shi fa kamar tayoyin baya suna komawa baya. Kawu, wanda ido ne sana'arsa, ya nuna doguwar fitilar silin ɗakin mai kyarma, ya yi bayanin yadda irin haskenta ke yaudarar ido har a ga abin da ke juyi da sauri kamar yana komawa. Kowa ya gamsu. Ita ma ta gyaɗa kai a ranar, domin bayanin gaskiya ne, tana koyar da shi a aji. Tun daga nan in baƙo ya yi maganar, sai a haɗa baki a ce masa laifin fitila ne.

Kawu ya fito da hula a karkace.

"Kawu, zo ka ga wani abu." Ta danna. "Dubi na baya."

Ya sunkuya, ya ɗaga tabarau, ya sauke. "Fitila ce."

"Kawu, a waje muke."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi gilashin motarta. "To hasken na dukan gilashin nan yana karyewa. Ke za ki koya mini ido? Tun ba a haife ki ba nake auna shi."

"Giyar baya ce a juye. Wallahi a juye take. Mu ɗaga wasan nan."

Ya yi murmushi har kunne, ya nuna ta da haɓa. "Tsoro. Na faɗa wa Lauya za ki zo da wata dabara. Ja mota mu tafi, 'yar nan, mutane na jira."

Mutane kuwa suna jira. 'Yan Bulo sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu, wasu da lema, wasu da kujerun roba, suna taka yashi a hankali kamar waɗanda aka sallamo daga asibiti. Mutanen da suka shekara suna maganar daji, ga su yau a fili suna kare takalma daga ƙura. Amma murna ta kama su, ba su iya ɓoyewa. Dakta ya zo da ɗan madubinsa na duba haƙori a aljihun gaba. Lauya ya naɗa kansa alƙali, ya ja layi a ƙasa da tsinin lema, ya sa aka jera motocin biyu. Mai Girma ya tsaya yana sheƙi. Buzuzu a gefensa kamar abin da aka tsinto a bola.

"A ra'ayina," in ji Dakta, "ko kunnawa ba sai an yi ba."

"A ra'ayina a kunna," in ji wani daga baya. "Na bar shagona na zo."

A-Gwada ta matsa kusa da Lauya ta yi ƙasa da murya. "Barista, in mai ƙalubale ya janye fa?"

"Ya faɗi ke nan. Sai ki warware Buzuzu."

"To na janye."

"Ba a janyewa bayan an ja layi."

"Yanzu fa ka ja shi."

"Shi ya sa." Ya ɗaga hankici sama. "Shugaba, ka shirya? Malama, kin shirya? To bismillah."

Hankici ya faɗi. Kawu ya danna gaba da babban yatsansa da dukkan ƙarfinsa.

Mai Girma ya yi gurnani mai daɗin ji. Yashi ya tashi ta gaba, yashi ya tashi ta baya. Motar ta girgiza, ta ɗan miƙe kamar mai hamma, ta tsaya inda take tana haƙa wa kanta rami biyu.

"Yana ɗaukar numfashi," in ji Dakta.

"Dabara ce," in ji Lauya. "Yana neman gindin zama."

A-Gwada ba ta taɓa nata rimot ɗin ba. Lissafi take yi a tsaye: ta yaya mutum zai sha kaye a hannun motar da ba ta motsi? In ta tsaya, kunnen doki ne, a sake. In ta yi gaba ko da taku ɗaya ne, ta ci. Hanya ɗaya ta rage. Ta danna baya. Buzuzu ya ja da baya da sauri abinsa, yana tsalle a kan tsakuwa.

"A'a, Malama, can ne gaba," in ji wani.

"Rimot ɗin ne ya rikice," in ji ta, ba ta dubi kowa ba.

Sai dai ƙafa huɗu sun fi biyu, kuma batir da inji duk a baya suke. Mai Girma ya fara rarrafe, a hankali, cikin natsuwa da mutunci, shi ma baya. Yana jan tayoyin gabansa suna ta fafutukar zuwa gaba. Ya tsallake layin Lauya ta inda ba a zata ba, ya nufi ƙafafun 'yan kallo. Aka fara janye kujeru.

A-Gwada ta ƙara wa Buzuzu wuta don kada a riga shi komawa. Motoci biyu suka kama tseren gudun tulin yashi, jan ƙyalle yana can sama yana kaɗawa shi kaɗai. Wani dattijo ya zauna daɓas a ƙasa don dariya, yana dukan cinya. Dakta yana bin Mai Girma a sunkuye da ɗan madubinsa yana cewa a ba shi wuri ya ga haƙoran. Lauya yana juya lema yana ihu cewa doka ba ta faɗi ta wace fuska za a je wa sandan ba, duniya ai zagaye take. Ita kanta A-Gwada hawaye ne ke zubo mata, ta rasa na dariya ne ko na mene.

"Ke."

Muryar Kawu ce, ba da ƙarfi ba. Bai saki maɓallin ba, amma ita yake kallo.

"Na'am, Kawu."

"Rimot ɗinki lafiyarsa ƙalau. Ni na koya miki riƙe shi. Tausayina kike ji?"

Ta dubi yatsanta da ke kan maɓallin baya.

"A gaban mutane za ki raina ni? Tuƙa gaba. In kin isa ki kayar da ni, kayar da ni da kyau."

Kafin ta amsa sai aka ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Mai Girma, wanda tun ɗazu gabansa ke ja gaba bayansa ke ja baya, ya rabu biyu ta tsakiya. Kan motar da madubai da fitilu da jajayen kujeru ya tuntsura gefe ya kwanta, tayoyinsa biyu suka mutu. Gindin kuwa, mai ƙafa huɗu da inji da batir, da ya ji an sauke masa kaya, sai ya zabura baya kamar an tsikare shi, ya shige ƙarƙashin kujerar Lauya.

Kowa ya juyo ya dubi Kawu.

Kawu ya dubi rabin da ke kwance, ya dubi rabin da ke ƙarƙashin kujera, ya dubi rimot a hannunsa. Gefen bakinsa ya motsa. A hankali ya ɗaga yatsa daga maɓallin gaba, ya ɗora a kan na baya, ya danna.

Gindin Mai Girma ya fito daga ƙarƙashin kujera a guje, ya yi gaba.

Abin da ya biyo baya, ko su da suka gani ba su yarda da juna a kansa ba har yau. Rabin motar nan, ba kai ba sitiyari, wayoyi na jan ƙasa, ya tsallake layi, ya bi ta kan tsakuwa yana watsa ta, ya daki tsohuwar tayar ya hau ta ya dira. Kawu yana danna baya yana tafiya gaba, yana bin sa da sassarfa, hula ta faɗi bai waiwaya ba, farar riga ta kwashi ƙura har gwiwa. Yana dariya irin wadda A-Gwada ba ta ji daga bakinsa ba tun tana ƙarama.

"Taho mana, Malama," yake kira. "Ina kimiyyar?"

Ta danna gaba har maɓallin ya nutse. Buzuzu ya taso daga can inda ta kai shi, ya cinye filin cikin ƙiftawar ido, ya kama tulin. Magidanta suka watsar da lema suka bi, masu tumbi na haki, takalma na cika da yashi, kowa na ba da umarnin da babu mai ji. Rabin Mai Girma yana sama yana haƙa, yana zamewa, yana sake kamawa. Buzuzu ya iso gefensa, suka jera, yashi na zubowa a kansu. Sanda ya girgiza, ya karkata, ya faɗi. Gindin Mai Girma ne ya ture shi. Buzuzu ya iso bayansa da tazarar da ba ta fi faɗin bulo ɗaya ba.

Aka yi ta sowa, sannan, kamar yadda aka saba, aka buɗe kasuwa.

"A ra'ayina shugaba ya ci," in ji Lauya yana zazzage takalmi. "Doka ta ce motar da ta fara taɓa sanda. Ba ta ce dukkan motar ba."

"Rabin mota mota ce?" in ji mai shagon da ya bari.

"In aka cire maka haƙori rabi, kai ne ko ba kai ba ne?" in ji Dakta. "Kuma yawancin giyoyin suna cikin rabin da ya hau. Na duba."

"Amma direba yana zama a wancan rabin da ke kwance."

"Wane direba? Ka taɓa ganin mutum a ciki?"

"Ni abin da na gani," in ji dattijon da ya zauna a ƙasa, "mota ce mai ƙarfin da babu abin da ya iya karya ta sai ita kanta. A ra'ayina wannan ma wani matsayi ne."

Lauya ya ce a ji ta bakin mai ƙalubale. Kowa na jiran ta ce a sake gwadawa. A-Gwada ta sunkuya ta ɗauki Buzuzu, ta kaɗe masa yashi. Ta dubi hannun Kawu, wanda har yanzu ke riƙe da rimot, yatsun a lanƙwashe sun kasa sakinsa.

"A ra'ayina," in ji ta, kalmar tana yi mata ɗaci a baki, "Kawu ya ci."

Dakta ya dafe ƙirji. Lauya ya ce a rubuta ranar. Ta sa babban yatsa a ƙarƙashin bulon farko na Buzuzu za ta ɓalle.

"Ajiye shi," in ji Kawu.

Ya riga ya sauko daga tulin. Ya zauna a kan tsohuwar tayar, ya sa an kawo masa rabi biyun an ajiye a gabansa. Ya ɗora gindin a cinya, ya tura taya ɗaya da tafin hannu, a hankali, yana kallon ƙaramin sandan da ya fito daga inda motar ta karye, yadda yake juyawa. Ya sake turawa. Ya cire tabarau, ya kawo abin dab da ido, ya daɗe a haka. Rana na dukan sa sosai, babu gilashi, babu silin.

"Ba fitila ba ce," in ji shi.

Ya ɗago kai ya dubi jama'a.

"Motar da na kawo wurin nan mai ƙafa shida ce, kuma ba ta je ko'ina ba. Ƙasa ba ta da ra'ayi, wata ce ta faɗa mini. Na faɗi. Barista, doka ta ce a gaban jama'a, ko?"

"Shugaba, ai ana iya duba dokar."

"An duba."

Ya kama wani jan bulo a saman injin ya ja. Bulon bai motsa ba. Ya sake kamawa da yatsa biyu, suka zame. Ya gwada da gefen hannu. Mutanen suka fara kallon wasu wurare, wani ya tafi neman hular da ta faɗi, Dakta ya shiga goge madubinsa da gaske.

A-Gwada ta ajiye Buzuzu, ta zauna a yashi kusa da ƙafarsa, ta jawo gindin motar zuwa tata cinyar.

"Doka ta ce da hannun wa?" ta tambayi Lauya.

Lauya ya buɗe baki, ya dubi Kawu, ya rufe. "Ba ta faɗa ba."

Ta ɓalle jan bulon ta sa a tafin hannun Kawu. Ta ɓalle na biyu.

"A hankali," in ji shi. "Ki jera su yadda suka fito. Ina so in ga inda na kauce."

"Tana can ƙasa, Kawu. Sai an cire komai kafin a kai gare ta."

"To da ma ko ban faɗi ba sai an warware."

"Sai an warware."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "In mun juya ta, wa zai mayar da sauran? Ni dai kin ga."

"Kai ka faɗa, ni in saka."

"Zai ɗauki watanni. Duk Asabar, a ɗakin nan da kika ce yana warin ra'ayi."

"Sai a buɗe taga. A kashe fitilar nan kuma."

"Fitilar ba ta yi laifin komai ba, yanzu muka wanke ta."

A bayansu hayaniya ta sake tashi. Dakta ya je motarsa ya dawo rungume da tasa motar dajin, wadda ashe tun safe take ɓoye a but, yana cewa shi ba tsere zai yi ba, so yake kawai ya ga wani abu. Wani ma ya tafi ɗauko tasa. Lauya yana sake jan layi da lema, yana gargaɗin cewa wannan ba ƙalubale ba ne a idon doka. Kafin a ajiye kowace a ƙasa, sai ka ga mai ita ya juya baya, ya ɗaga ta sama, ya ɗan taɓa rimot yana leƙen tayoyin ta gefen ido.

Kawu yana kallonsu yana jujjuya jan bulon a tafin hannu.

"In mun gama," in ji shi, "sai a wanke shi tas, a goge, a mayar da shi akwatinsa. Ya sha wahala yau. Ina makullin ma?"

A-Gwada ta ji ɗan ƙarfen a aljihun rigar aikinta, ya ɗumama da zafin jikinta. Ta tura shi can ƙasa da yatsa ɗaya.

"Miƙo hannu, Kawu," in ji ta, ta ɓalle bulo na gaba.